Yadda Hanjin Alade Ya Tona Asirin Gubar Fumfunar Hatsi

Mai karatu, wataƙila za ka yi mamakin ganin alade a shafin da aka keɓe wa lafiyar ɗan Adam. Ka yi haƙuri ka biyo ni, domin ta hanyar wannan dabba masana suka gane wata guba da kan ɓuya cikin alkama da masara da sha'ir.

A shekarar 1928 aka kai sha'ir daga Amurka zuwa Jamus don kiwo. Aladu suka ƙi ci, waɗanda suka daure suka ci kuwa suka yi ta kwara amai. An ga wata fumfuna mai ja-ja, wadda ake kira Fusarium, ta kama hatsin tun a gona, amma aka kasa gano sinadarin da ke yin ɓarnar. Haka al'amarin ya zauna fiye da shekara arba'in. Sai a farkon shekarun 1970 wasu masana na Japan, Yoshizawa da Morooka, suka tace gubar daga sha'irin da ya lalace. A 1973 kuma Vesonder da abokan aikinsa a Peoria ta Amurka suka same ta a cikin masarar da ke sa aladu amai, suka raɗa mata suna gubar amai. Yau an fi saninta da DON.

Me ya sa alade ya fi jin jiki? Saniya tana da tumbi, kuma ƙwayoyin da ke cikinsa sukan karya ƙarfin gubar kafin ta isa hanji. Alade ba shi da wannan garkuwa, haka ma ni da kai. Wannan ne ya sa Tarayyar Turai, a shawarar da ta bayar a 2006, ta tsayar da miligiram 0.9 a kowane kilo na abincin alade, alhali manyan shanu an bar musu har 5.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne abin da aka gani da aka matso kusa. A 1989 Helen Berschneider ta raya ƙwayoyin halitta daga hanjin jaririn alade a ɗakin gwaji, kuma har gobe ana amfani da su. Bangon hanji shimfiɗa ɗaya ce tak ta ƙwayoyin halitta, an ɗinke su da juna da wasu furotin kamar yadda maɗinki ke haɗa ƙyalle da ƙyalle. Idan DON ta shiga, sai ta maƙale wa injin da ke ƙera furotin a cikin ƙwayar halitta. Ɗinkin sai ya yi sako-sako, ƙwayoyin cuta su samu ƙofar wucewa. 'Yan tsirayen da ke tsotsar abinci a bangon hanjin su ma sukan gajarce, dabbar ta yi ta ci amma ba ta ƙiba. Ba sai guba mai yawa ba, kaɗan-kaɗan kullum ya isa.

Kada ka ɗauka labarin ya tsaya ga dabbobi. A 1987, a kwarin Kashmir na Indiya, ruwan sama ya lalata alkama, aka niƙa aka yi burodi da ita, dubban mutane suka kamu da ciwon ciki da amai da gudawa. An gasa burodin a wuta kamar kullum, amma zafin gashi ba ya kashe wannan guba.