Abin da sunayen duwatsun St Kilda ke faɗa mana

St Kilda wasu 'yan tsibirai ne a Tekun Atalantika, kimanin kilomita 64 yamma da tsibirin North Uist na Sikotland. A ranar 29 ga Agusta, 1930, aka kwashe mutane 36 da suka rage a can, bisa roƙonsu. Sun bar gidaje da tumaki, sun kuma bar sunayen da kakanninsu suka raɗa wa duwatsu da lungunan gaɓar teku.

Me ya sa suka damu da raɗa wa dutse suna? Domin abincinsu na kan duwatsun ne. Da tsuntsayen teku da ƙwansu suke rayuwa, sai an shiga kwalekwale ko an ɗaura igiya a ƙugu kafin a kai gare su. Wanda zai ce wa ɗan'uwansa "a can za mu sauka" dole ya ambaci wurin daidai, don kuskure kaɗan na iya cin rai.

Kowace kalma da aikinta. "Stac" dogon dutse ne da ya miƙe daga cikin ruwa. "Sgeir" gajere ne, mai iya fasa kwalekwale. "Geo" kuwa siririn lungu ne da igiyar ruwa ta rarake a jikin dutse. Mutanen suna magana da harshen Gelik, amma kalmomin nan uku daga tsohon harshen mutanen Norwe suka fito, waɗanda suka mallaki yankin har zuwa 1266. Haka ma sunan tsibirin Soay, wato "tsibirin tumaki". Akwai wata rijiya mai suna Tobar Childa: kalmar farko rijiya ce a Gelik, ta biyun ma rijiya ce a harshen Norwe. Ka ga harshe biyu sun haɗu a bakin rijiya ɗaya.

Ɗauki Stac an Armin, "dutsen jarumi", mai tsawon mita 196. A 1727 maza uku da yara takwas suka je kamun tsuntsaye a kansa. Bayan tafiyarsu annobar agana ta afka wa gari, aka rasa masu tuƙa kwalekwale su ɗauko su. Sai a watan Mayun 1728 aka cece su, bayan kusan wata tara. Duk ɗan tsibirin da ya ji sunan dutsen nan ya san da wannan labari.

A 1927 wani masanin safiyo, John Mathieson, ya auna tsibiran, ya sa sunaye da dama a taswira. Shekara uku bayan haka babu sauran mazauni. Taswira ta riƙe mana sunayen, amma sanin wane lungu ake shiga idan iska ta juya, wannan a kan mutanen yake, kuma da shi suka hau jirgi.