Adon harshe a waƙar Hausa

Adon harshe dabara ce ta sarrafa kalmomi yadda za su bar ma'anarsu ta yau da kullum, su zana hoto a zuciyar mai sauraro ko mai karatu. Masu nazari na kiran wannan hoton zayyana. Ana samun adon harshe a waƙar baka da rubutacciya, kuma yana cikin darussan adabin Hausa a sakandare da jami'a.

Rabe-rabe

*Kamantawa* ita ce auna abu da wani ta amfani da kalmomi irin su kamar, tamkar, sai ka ce. Akwai kamancen daidaito, da na fifiko, da na kasawa.

*Siffantawa* kiran abu ne da sunan wani kai tsaye, kamar yadda makaɗan fada irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi ke kiran sarki giwa ko zaki.

*Jinsarwa* ba wa wani jinsi halin wani ne. Ta ƙunshi mutuntarwa, da dabbantarwa, da abuntarwa. Waƙoƙin wa'azi sukan mayar da duniya mace mayaudariya.

*Alamtarwa* ambaton alama ce a madadin abin da ake nufi, kamar rawani a madadin sarauta.

*Kambamawa* kururuta abu ne har ya wuce yadda hankali zai ɗauka.

Koyarwa

Daga cikin littattafan da ake koyarwa da su akwai *Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa* na Abdulƙadir Ɗangambo, da *Jagoran Nazarin Waƙar Baka* na Sa'idu Muhammad Gusau, da *Salo Asirin Waƙa* (2001) na Abdullahi Bayero Yahya.

Malami kan sa ɗalibai su saurari waƙa ko su rera ta, su tsamo kalmar da aka yi ado da ita, sannan su faɗi abin da ya haɗa ta da wanda ake nufi. Wannan mataki na ƙarshe shi ne mafi wuya, domin mawaƙa daga muhallinsu suke ɗebo hotuna: daji, gona, fada da fagen dambe. Ɗalibin da bai taɓa ganin gamji ba zai iya gane cewa kiran basarake gamji siffantawa ce, amma girman itacen da faɗin inuwar da jama'a ke fakewa a cikinta ba za su zo masa a rai ba. Shi ya sa ake haɗa darasin da bayanin itatuwa, dabbobi da al'adun da waƙar ta ambata.