Daga Kwarin Bodele zuwa Tekun Atlantika: Gudummawar Ƙurar Sahara ga Rayuwar Teku da Yanayin Duniya

Tsakure

Wannan maƙala ta bi sawun ƙurar hamadar Sahara daga tushenta zuwa inda take sauka a Tekun Atlantika, domin gano tasirinta ga abincin halittun ruwa da kuma yanayi. An dogara ne ga sakamakon awon tauraron ɗan Adam, da gwaje-gwajen da aka yi a cikin teku, da bayanan da aka samo daga tsohuwar ƙanƙarar Antatika. Binciken ya nuna cewa amfanin ƙurar ya rataya ne a kan abu biyu: yawan sinadarin ƙarfen da ke iya narkewa a cikinta, da irin sinadarin da ruwan da ta faɗa wa yake ƙaranci.

Muhimman kalmomi: ƙura, hazo, Bodele, sinadarin ƙarfe, ƙananan tsirran teku.

1.0 Gabatarwa

Bahaushe ya san hazo da tari da kaushi da ciwon ido. Daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu kan taso daga arewa maso gabas ta lulluɓe Zinder da Maiduguri da Kano, har jirage su kasa sauka. Sai dai wannan ƙura ba a ƙasar Hausa take yada zango ba. Tun a 1832 Charles Darwin ya tara irinta a kan jirgin ruwan Beagle kusa da tsibiran Kef Bade, alamar cewa tana ƙetare gaɓar Afirka. Tambayar wannan nazari ita ce: me take yi wa tekun idan ta sauka?

2.0 Tushen ƙurar da hanyarta

Kwarin Bodele da ke arewacin Chadi yana cikin wuraren da suka fi fitar da ƙura a duniya. Kimanin shekaru 7,000 da suka shuɗe, wurin ƙasan wani makeken tafki ne, wanda Tafkin Chadi na yau ɓurɓushinsa ne kawai. Da ruwan ya ƙafe, sai ya bar farar ƙasa mai laushi, wadda akasarinta ɓawon ƙananan halittun ruwa ne da ake kira dayatom. Duwatsun Tibesti da na Ennedi suna matse iskar arewa maso gabas kamar mazurari, ta fito da ƙarfi ta kwashe wannan gari, kusan kwana 100 a shekara.

Yu da abokan aikinsa (2015) sun yi amfani da awon tauraron CALIPSO na 2007 zuwa 2013, suka ƙiyasta cewa tan miliyan 182 na ƙura ke barin yammacin Sahara duk shekara. Tan miliyan 27.7 na sauka a dajin Amazon ɗauke da kimanin tan 22,000 na fosfaras, kaso mai tsoka kuma na zuba cikin teku tun a hanya. Da hunturu ƙurar kan bi ƙasa-ƙasa ta nufi Kudancin Amurka. Da damina kuwa takan haura sama ta doshi Karebiyan da Florida.

3.0 Ƙura a matsayin takin teku

Ƙananan tsirran teku, waɗanda ido ba ya gani, su ne tushen abincin akasarin masu rai a teku, kuma su ke yin kusan rabin aikin sarrafa hasken rana da tsirran duniya ke yi. Kamar gero a gona, suna buƙatar naitirojin da fosfaras. Amma akwai yankuna uku, wato Tekun Kudu da tsakiyar Fasifik da arewacinta, inda waɗannan sinadarai suke jibge, tsirran kuma ba su yabanya. John Martin (1990) ya danganta haka da ƙarancin sinadarin ƙarfe, domin yankunan sun yi nisa da hamada. An jarraba ra'ayinsa a gwajin IronEx kusa da tsibiran Galapagos a 1993 da 1995, da gwajin SOIREE a Tekun Kudu a 1999. Da aka zuba narkakken ƙarfe, tsirran suka yi toho.

A Atlantika lamarin ya sha bamban. Nan naitirojin ne ke ƙaranci, ƙarfe kuwa Sahara ta wadata ruwan da shi. Mai cin gajiyar ita ce ƙwayar halittar Trichodesmium, wadda ke zuƙo naitirojin daga iska kamar yadda saiwar wake da gyaɗa ke yi wa gona, aikin da ba ya yiwuwa sai da ƙarfe mai yawa. Ta wannan hanya ƙura ke ƙara wa teku taki a kaikaice.

Akwai sharaɗi guda mai nauyi. Ƙarfen da ke cikin sabuwar ƙura ɗan kaɗan ne ke narkewa a ruwa. Sai ta daɗe a sama ta gauraya da ɗanshin gajimare da sinadarai masu tsami kafin ƙarin kaso ya narke. Saboda haka auna nauyin ƙura kaɗai bai isa ya nuna amfaninta ba.

Kowane allazi da nasa amanu. Walsh da Steidinger (2001) sun alaƙanta saukar ƙurar da bunƙasar gansakuka mai dafi da ke kashe kifi a gaɓar Florida. Shinn da abokan aikinsa (2000) kuma sun yi hasashen cewa tana kai ƙwayoyin cuta ga murjanin Karebiyan, batun da masana ke ci gaba da muhawara a kansa.

4.0 Tasiri ga yanayi

Idan tsirran teku suka mutu, wasunsu kan nutse da kabon ɗin da suka zuƙa daga iska. Ƙanƙarar Antatika ta nuna cewa a zamunan tsananin sanyi ƙura ta yi yawa ainun, iskar kabon kuma ta sauka zuwa kusan kashi 180 cikin miliyan, maimakon 280 na lokutan ɗumi. Takin ƙarfe ya bayyana wani ɓangare na wannan tazara. Haka nan ƙurar kan tare hasken rana ta sanyaya saman teku, busasshiyar iskarta kuma kan raunana mahaukaciyar guguwa tun tana ƙulluwa.

Alaƙar da Sahel a fili take. Awon da aka fara a Barbados a 1965 ya nuna ƙurar ta ninka kusan sau huɗu a shekarun farin 1970 da 1980 (Prospero da Lamb, 2003). Farin da ya ƙarar da dabbobi a Damargu da Katsina ya bar alama a wancan ɓangaren teku.

5.0 Kammalawa

Nazarin ya nuna cewa ruwan saman Sahel, da iskar Bodele, da abincin kifin Atlantika zare ɗaya ne ya ɗaure su. Da yake yawancin dogon awo a ƙarshen tafiyar ƙurar aka yi shi, ana ba da shawarar jami'o'in Najeriya da Nijar da Chadi su kafa tashoshin tara hazo na dindindin, su riƙa auna narkewar ƙarfe da fosfaras tun daga tushe, domin a kwatanta da abin da ke isa teku.