Labarin Korar Ɗan Wasa Har Abada

A gidajen kallon ƙwallo na Bolori, da zarar gola ya saki ƙwallon da ko yaro zai kama, sai ka ji an ce "an sayar da wasan". Tsofaffin 'yan kallo ba su manta da abin da ya faru a Bauchi ba a Yulin 2013, lokacin da Plateau United Feeders ta zura wa Akurba ƙwallo 79, Police Machine kuma ta zura wa Bubayaro 67, kowacce na neman hawa mataki na gaba. Hukumar NFF ta kori 'yan wasan har abada. Irin wannan hukunci a wasan besbol na Amurka ya yi suna, bayan kakar 1919.

A waccan shekarar Chicago White Sox ce ake ganin za ta lashe gasar ƙarshe a kan Cincinnati Reds. Sai 'yan caca suka shiga tsakani. 'Yan wasan lokacin ɗaure suke da yarjejeniyar da ta hana su sauya ƙungiya ba da yardar mai ita ba, don haka abin da ya ba su shi za su karɓa. Eddie Cicotte, mai jefa ƙwallo na Chicago, ya karɓi dala 10,000 daga 'yan cacar don a sayar da wasan. Abokin wasansa Joe Jackson ya samu 5,000. Reds ta ci wasa 5, Chicago 3. An daɗe ana alaƙanta kuɗin da Arnold Rothstein, gogan cacar New York, amma ba a taɓa hukunta shi a kai ba.

Asiri ya tonu a Satumban 1920. Masu ƙungiyoyi, don tsoron kada 'yan kallo su gudu, suka ɗauko alƙali Kenesaw Mountain Landis suka damƙa masa ragamar wasan. A Agustan 1921 kotu ta wanke waɗanda aka gurfanar, amma washegari Landis ya ce wankewar ba ta shafe shi ba, ya kori 'yan wasa takwas. Har Buck Weaver, wanda bai karɓi ko sisi ba. Laifinsa ya sani ya yi shiru. A nan kam, a ganina, hannun alƙalin ya yi nauyi.

Wannan sandar ce ta doki tauraron besbol Pete Rose a 1989 kan yin caca. A Mayun 2025 aka cire sunayen mamata daga jerin korarru, har da Jackson, wanda ya rasu tun 1951.