Tasirin Koyon Kiɗa Da Waƙa A Kan Karatun Yara

Kafin yaro ya iya karatu, sai kunnensa ya rarrabe sautukan magana, ya ji bambancin "ba" da "ɓa", ya kuma gane inda gaɓa ta tsaya. Wannan ƙwarewa ta kunne ita ce masana suka gano koyon kiɗa da waƙa yana ƙarfafawa.

A shekarar 2014, Farfesa Nina Kraus ta Jami'ar Northwestern da ke Amurka ta wallafa bincikenta a kan 'ya'yan talakawa masu koyon kiɗa a shirin Harmony Project na birnin Los Anjalis. Ƙwaƙwalwar yaran da suka shekara biyu a shirin ta ƙara iya bambance gaɓoɓi masu kama da juna. Shekara ɗaya ba ta wadatar ba.

Binciken da ya fi shafar masu jin Hausa shi ne wanda aka wallafa a 2018, a kan yara 74 masu shekara huɗu zuwa biyar a birnin Beijin na ƙasar Sin. An koya wa wasu fiyano na wata shida, wasu aka ƙara musu darasin karatu, sauran aka bar su yadda suke. Masu fiyano suka fi kowa bambance kalmomin da baƙi ɗaya ya raba. Sinanci harshe ne mai karin sauti kamar Hausa, wadda rubutunta na yau da kullum ba ya nuna hawa da saukar murya ko tsawon wasali. Shi ya sa garin Kano da garin tuwo suke rubutu ɗaya, kunne ne ke raba su.

Sai dai an sha yi wa batun ƙarin gishiri. Yaran Beijin ba su fi takwarorinsu kaifin basira ba. Zancen cewa sauraron kiɗan Mozart yana ƙara wa jariri hazaƙa kuwa ya samo asali ne daga gwajin 1993 a kan ɗaliban jami'a, wanda tasirinsa bai wuce minti 15 ba. Amfanin yana ga yaron da ya yi da kansa, ya kuma daɗe yana yi.

A ƙasar Hausa, koyarwa da waƙa daɗaɗɗen abu ne: da waƙoƙi Nana Asma'u ta ilmantar da mata ta hannun 'Yan Taru a ƙarni na 19. A manhajar firamare ta Najeriya, kiɗa da waƙa suna cikin darasin al'adu da fasahar ƙirƙira, kuma tafi da rerawa ba sa buƙatar kayan kiɗa.