'Yan Sandan Jihohi a Amurka da Ƙungiyoyin da ke Tallafa Musu: Bayani ga Iyalanmu

Da wuya a samu wanda ya ɗan jima a Amurka a cikinmu da bai taɓa ɗaga waya da yamma ya ji wani mai kakkausar murya yana neman gudummawa domin iyalan 'yan sanda ba. Wasunmu kan bayar don tausayi, wasu don tsoro, wasu kuma su ajiye waya gabansu na faɗuwa, suna tunanin ko an rubuta sunansu a wani wuri. Wannan ne ya sa na ga ya dace in yi bayani a kan 'yan sandan jihohi, da yadda aikinsu yake, da kuma mutanen da ke shugabancin ƙungiyoyinsu.

Ni injiniyan hanyoyi ne. Na fi shekara 20 ina aikin gyaran manyan tituna a ƙasar nan, galibi da dare, kuma a yawancin dararen nan motar ɗan sandan jiha ce ke tsaye a bayanmu, fitilunta a kunne, ta shiga tsakaninmu da tireloli. A irin wannan zama na bakin titi na fara sanin mutanen nan.

Wane ne ɗan sandan jiha?

Mu da muka taso a Najeriya mun saba da runduna guda ɗaya tak ta tarayya, kamar yadda sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya tanada. Iyayenmu ne suka san 'yan doka na En'e, waɗanda aka narkar da su cikin rundunar tarayya a zamanin Janar Gowon. To a Amurka abin ya bambanta. Birni na da 'yan sandansa, gunduma na da sharif wanda a yawancin wurare jama'a ke zaɓa, jiha kuma na da tata rundunar a ƙarƙashin gwamna. Ɗan wannan runduna ta jiha shi ne Amurkawa ke kira trooper, kalmar da ta samo asali daga sojan doki. Ana gane shi da faffaɗar hula a jihohi da dama. Jihohi 49 ke da irin wannan runduna, Hawaii ce kaɗai ba ta da ita a wannan siga.

Rundunonin iri biyu ne. A jihohi kamar Pennsylvania da New York da Michigan suna da cikakken ikon 'yan sanda: binciken kisa, miyagun ƙwayoyi, da tsaron ƙauyukan da ba su da 'yan sandan kansu. A wasu jihohin kuma, irin su Florida da North Carolina, babban aikinsu sintiri ne a manyan hanyoyi.

Taƙaitaccen tarihi

Rundunar Pennsylvania ce ake ɗauka a matsayin ta farko mai tsari irin na zamani. An kafa ta a 1905 a zamanin Gwamna Samuel Pennypacker, bayan babban yajin aikin masu haƙar kwal na 1902, lokacin da aka ga illar barin kamfanoni su riƙe 'yan sandan kansu. New York ta biyo baya a 1917, kuma shugabanta na farko, George Chandler, likitan tiyata ne. New Jersey ta kafa tata a 1921 a ƙarƙashin Norman Schwarzkopf, mahaifin janar ɗin da ya jagoranci yaƙin Tekun Fasha a 1991. California ta kafa rundunar sintirin hanyoyinta a 1929. Yawaitar motoci ne ya sa sauran jihohi suka ga babu makawa su ma su kafa.

Yadda ake shiga da yadda ake hawa

Yawancin jihohi na buƙatar mutum ya zama ɗan ƙasa, ya kai shekara 21 lokacin kama aiki, ba shi da tabon babban laifi. Akwai jarrabawar rubutu, da ta ƙarfin jiki, da ta likita, da ta lafiyar ƙwaƙwalwa, sannan a binciki rayuwar mutum ciki da waje, har bashin da ake bin sa. Wasu jihohin na neman karatun kwaleji ko aikin soja, wasu takardar sakandare ta isa. Wanda ya tsallake sai ya shiga makarantar horo ta kwana mai tsarin soja, ta kimanin wata 6. Ta Pennsylvania tana Hershey, ta New Jersey tana Sea Girt, ta New York tana Albany.

Bayan horo akan tura sabon ɗan sanda bariki, sau da yawa nesa da garinsu, ya yi ta sintiri tare da wani tsohon hannu kafin a bar shi shi kaɗai. Wannan kaɗaici shi ne babban bambancinsa da ɗan sandan birni: da tsakar dare yana iya tsayar da mota a dajin da ɗan uwansa mafi kusa ke da nisan mil da yawa.

Muƙamansu irin na soja ne: kofur, saje, laftana, kyaftin, manjo, laftanar kanar, sai kanar a sama, wanda a yawancin jihohi gwamna ke naɗawa. Wasu kan koma sashen bincike, ko na karnuka, ko na duba manyan motoci, ko na gano musabbabin haɗari, wanda mu injiniyoyi muka fi hulɗa da shi domin lissafi ne zalla: tsawon jan birki, santsin kwalta, nauyin mota. A Maryland har jiragen sama masu saukar ungulu suke da su na kwasar waɗanda suka ji rauni, aikin da suka fara tun 1970. A jihohi da dama mutum na iya ritaya bayan shekara 20 zuwa 25.

Ƙungiyoyin iri nawa ne?

A nan ne mutane suka fi ruɗewa, domin sunayen suna kama da juna amma aikin ba ɗaya ba ne.

Na farko, ƙungiyar ƙwadago, mai zama da gwamnatin jiha a kan albashi da fansho da inshorar lafiya, ta kuma ɗauki lauya ga ɗanta idan ya shiga matsala. Ba su da damar yajin aiki. Tun 1919 da 'yan sandan Boston suka tafi yaji, Gwamna Calvin Coolidge ya goyi bayan korarsu, aka san makomar wanda ya gwada. A Pennsylvania dokar 1968 ta ba su damar cinikin albashi, idan an kasa daidaitawa sai masu sulhu su yanke hukuncin da ya hau kan kowa. A North Carolina kuwa doka ta hana ma'aikatan gwamnati irin wannan ciniki tun 1959, don haka ƙungiyar can sai dai ta bi ta wajen 'yan majalisa.

Na biyu, asusun jin ƙai, wanda ke taimakon iyalin da maigidansu ya rasu ko ya naƙasa. A California akwai CHP 11-99 Foundation da aka kafa a 1982, a New York kuma akwai asusun Signal 30. Dukkan sunayen biyu an ɗauko su ne daga lambar da ake kira a rediyo idan ɗan sanda na neman ɗauki.

Na uku, ƙungiyoyin ƙasa baki ɗaya. National Troopers Coalition, wadda aka kafa a 1977, ta haɗa ƙungiyoyin jihohi domin su yi magana da murya ɗaya a Washington. American Association of State Troopers kuma an kafa ta a 1989, cibiyarta na Tallahassee a jihar Florida, kuma mutum ke shiga da kansa, ko yana aiki ko ya yi ritaya. Tana ba mambobi inshorar rai, da tallafin karatu ga 'ya'yansu, da agajin gaggawa. Ita ce kuma ke shirya gasar nan ta motar sintiri mafi kyau da ake gani a Facebook.

Su wa ke shugabanci?

Abin da ya kamata a fahimta shi ne, shugaban ƙungiya ba shi ne shugaban runduna ba. Kanar na gwamna ne, shugaban ƙungiya kuwa na 'yan uwansa ne, su suka zaɓe shi. Sau da yawa ma ƙaramin muƙami gare shi, kofur ko saje, amma shi zai zauna gaba da gaba da kanar a teburin ciniki. A New Jersey ƙungiyoyi 3 ne ma: ta ƙananan 'yan sanda, ta sajoji, da ta manyan hafsoshi, domin kada mai ba da umarni da mai karɓa su zama a ƙarƙashin shugaba ɗaya.

Hanyar hawa kusan iri ɗaya ce. Mutum kan fara da zama wakilin barikinsu, wanda ake kira da daddare idan an tuhumi wani ko an ji masa rauni. Daga nan ya shiga kwamitin zartarwa, ya riƙe ma'aji ko sakatare, kafin ya nemi shugabanci. A wasu jihohin yarjejeniya ta ba shi damar ajiye sintiri ya fuskanci aikin ƙungiya gaba ɗaya. Asusun jin ƙai da ƙungiyoyin ƙasa kuwa, za ka tarar tsofaffin da suka yi ritaya sun yi yawa a cikinsu, domin su ke da lokaci, su kuma suka san zawarawan da sunayensu.

Na taɓa aiki da wani irin wannan dattijo, wanda ya shekara kusan 2 yana tsaron wurin aikinmu. Wani dare mota ta kwaso da gudu ta daki bayan motar abokin aikinsa a wani wuri can gaba da mu. Mutumin bai mutu ba, amma bai sake komawa aiki ba. Watanni bayan nan, duk sanda na tambayi dattijon labarinsa, ba ya yi mini zancen asibiti, sai zancen takardu: fansho na naƙasa, kuɗin gida, makarantar yara. Ya ce mini rabin aikin wakilin ƙungiya cika fom ne a falon matar da ba ta iya riƙe biro saboda kuka.

Me iyali ke samu?

Gwamnatin tarayya na biyan diyya ga iyalin jami'in tsaro da ya rasu a bakin aiki, bisa dokar da Shugaba Gerald Ford ya sa wa hannu a 1976. A lokacin dala dubu 50 ne, a 2023 kuma ya haura dala dubu 400. Sai dai kafin kuɗin nan ya fito akan ɗauki lokaci, kuma gibin nan ne ƙungiyoyi ke cikewa: kuɗin jana'iza, biyan haya, da lauyan da zai bi takardu. Akwai kuma ƙungiyar Concerns of Police Survivors, wadda aka kafa a 1984 domin iyalan mamata. Ranar 15 ga Mayu ta kowace shekara ita ce ranar tunawa da su, kamar yadda Shugaba Kennedy ya ayyana a 1962, kuma ana rubuta sunayensu a jikin bangon tunawa da aka buɗe a Washington a 1991.

Inda ake samun ɓaraka

Gaskiya ɗaya ce, ba zan ɓoye ɗaya gefen ba. Aikin ƙungiyar ƙwadago kare ɗanta ne, ko da shi ne mai laifi, don haka idan kai ne ka kai ƙara, ba ita ce za ta tsaya maka ba. Mu baƙaƙen fata mun san tarihin New Jersey, inda bayan harbin wasu samari a kan babbar hanya a 1998 gwamnatin jihar ta amsa cewa ana tsayar da direbobi saboda launin fata. A 1999 rundunar ta shiga ƙarƙashin sa idon kotun tarayya, ba ta fita ba sai 2009.

Shugabanni ma 'yan Adam ne. A 2022 kotun tarayya a Boston ta samu tsohon shugaban ƙungiyar 'yan sandan jihar Massachusetts da laifuffukan da suka haɗa da karɓar na goro ta bayan fage da ƙoƙarin toshe bincike. Duk inda dukiyar jama'a ta taru a hannun mutum ɗaya ba mai duba littafi, ƙarshenta ke nan.

Abin da ya shafe mu kai tsaye

Game da kiran waya: mai kiran nan yawanci ba ɗan sanda ba ne, ma'aikacin kamfanin tara kuɗi ne, kuma kamfanin kan riƙe kaso mai tsoka. Ba dole ba ne ka bayar, kuma ƙin bayarwa ba ya shafar takardunka na zama ko lasisinka. Idan kana da niyya, nemi cikakken sunan ƙungiyar, ka ajiye waya, ka duba ta a shafin hukumar haraji ta IRS ko ofishin antoni janar na jiharku. Takardarsu ta shekara mai lamba 990 a buɗe take ga kowa, tana nuna abin da ya shigo da inda ya tafi. Gudummawa ga asusun jin ƙai mai rajista ana iya cire ta daga haraji, ta ƙungiyar ƙwadago ko ta siyasa ba a cirewa. Kada ka ba da lambar katinka ga wanda ya kira ka. Sitikar da za su aiko maka ka manna a gilashi kuma ba ta hana tara.

Game da tuƙi: kowace jiha na da dokar da ta ce idan ka hango motar jami'ai tsaye a gefen hanya da fitilu, ka koma ɗaya layin, idan babu hali ka rage gudu sosai. South Carolina ce ta fara a 1996, zuwa 2012 duk jihohi 50 sun bi. Direbobinmu na tasi da na tirela, don Allah a kiyaye. Akwai tara mai nauyi, amma abin da ya fi tara shi ne ran mutumin da ke tsaye a wurin, wanda wani lokaci ni ne ko yarana na aiki.

Idan aka tsayar da kai: ka faka a dama, ka kunna fitilar ciki idan dare ne, hannuwa a kan sitiyari, kada ka fito sai an ce ka fito. Kada ka kuskura ka miƙa kuɗi. Abin da a wani wuri ake ɗauka alheri, a nan babban laifi ne da kan iya jawo kora daga ƙasa. Idan ba ka yarda da tarar ba, kotu ce wurin gardama, ba bakin titi ba. Idan kuma an ci mutuncinka, rubuta sunansa da lambarsa da lokaci, ka kai ƙara sashen binciken cikin gida na rundunar.

A ƙarshe, ga iyayen da ɗansu ko 'yarsu ta nuna sha'awar wannan aiki: a zauna a duba shi da idon basira. Aiki ne mai albashi tsayayye da fansho, mai kuma haɗari da aikin dare da zama nesa da gida. A tambayi ofishin ɗaukar ma'aikata tun da wuri game da dokarsu a kan gemu da rufe kai, domin ta bambanta daga jiha zuwa jiha. Wanda ya shiga kuma ya halarci taron ƙungiyarsu, ya karanta rahoton kuɗi, ya jefa ƙuri'a, domin ranar da abu ya faru, su ne za su fara buga ƙofar gidansa.

Allah ya kai mu gidajenmu lafiya.