Yadda Muryar Wa'azi Ta Kai Ƙarshen Fili

Karatu: Nehemiya 8:1-8

Da zarar damina ta ɗauke an shiga kaka, lokacin tarurrukan fili ya zo ke nan: taron farkawa, taron Zumuntar Mata, taron matasa, da wa'azin bishara a ƙauyuka. Tun da hantsi za a ga samari suna haƙa rami, suna kafa itace, suna ɗaura lasifika, suna jan waya cikin rana. Ba safai ake tunawa da su wurin jawabin godiya ba. Yau muna so mu ba da tarihin wannan aiki nasu, gama ya girmi wutar lantarki nesa ba kusa ba.

A cikin karatunmu, jama'ar da suka komo daga bauta sun taru a filin da ke gaban Ƙofar Ruwa a Urushalima, maza da mata da duk wanda ya isa ya fahimta. Ezra ya karanta musu Shari'a tun da sassafe har tsakar rana. Littafi Mai Tsarki bai manta ya gaya mana cewa a kan dandamali na katako ya tsaya ba, wanda aka yi musamman domin wannan rana. Ashe akwai waɗanda suka sare itace suka haɗa shi kafin taro, ko da yake ba a rubuta sunayensu ba. Ban da dandamalin kuma, akwai Lawiyawa da suka riƙa bayyana wa mutane ma'anar abin da ake karantawa, kowa yana tsaye a wurinsa. Waɗansu masana suna ganin har fassara suke yi zuwa harshen Aramiya, wanda jama'ar suka saba da shi a Babila. Aiki biyu ke nan aka yi a ranar: an ɗaga mai karatu domin a gan shi a ji shi, an kuma kai maganar har cikin kunnen na baya yadda zai gane.

Ubangijinmu ma ya kula da wannan. A Luka sura 5, da taro ya matsa masa a bakin tafki, sai ya shiga jirgin Siman, ya roƙe shi ya ɗan zakuɗa daga gaɓa, ya zauna yana koyarwa daga ciki. Duk masunci ya san murya takan yi nisa a kan ruwa in yana kwance.

Shekaru ɗaruruwa suka wuce, kayan aikin mai wa'azin fili ba su ƙaru ba: tudu ko dutsen da zai hau, bango a bayansa, iska ta fito daga bayansa ta nufi jama'a, sai kuma maƙogwaron da Allah ya ba shi. Wanda ya fi shahara da wannan baiwa shi ne George Whitefield na Ingila. A watan Fabrairu na 1739, da ya ga ana rufe masa ƙofofin majami'u, sai ya fita wurin masu haƙar kwal a Kingswood, kusa da birnin Biristol, ya yi musu wa'azi a fili. Shi ne ya ja abokinsa John Wesley cikin wannan aiki. Wesley bai so ba da fari, gama a ganinsa wa'azi na cikin majami'a ne, amma ranar 2 ga Afrilu na shekarar ya tsaya a fili gaban mutum wajen 3,000.

Da Whitefield ya haye zuwa Amurka, wani mai buga littattafai a birnin Filadelfiya, Benjamin Franklin, ya so ya gwada labarin da ake bayarwa a kan muryarsa. Franklin ba mabiyin koyarwarsa ba ne, amma mutum ne mai son awo da lissafi. Whitefield yana wa'azi a kan matakalar kotu, shi kuwa Franklin ya riƙa ja da baya a kan titi, yana nufar kogi, yana kasa kunne, har ya kai inda ƙarar titi ta hana shi rarrabe kalmomin. Ya auna nisan, ya ba kowane mai sauraro ɗan wurin tsayawa a cikin lissafinsa, ya tarar mutum fiye da 30,000 za su iya jin mutumin nan. Mu lura da abin da Franklin ya auna. Ya tsaya ne daidai inda kalmomi suka daina fita sarai, ko da yake amon muryar ya wuce nan. Wannan awo har yau ba a sami wanda ya fi shi ba.

Aikin kuwa yana cin jiki. Whitefield ya rasu a 1770 yana da shekara 55, washegarin ranar da ya yi wa'azi mai tsawo a fili alhali numfashi yana yi masa wuya.

Akwai labari guda da muke so masu kula da kayan sauti su riƙe. A watan Oktoba na 1857, Charles Spurgeon ya yi wa'azi a wani ƙaton gini na gilashi a Landan mai suna Crystal Palace, aka ƙidaya mutum 23,654, ba makirufo ba lasifika. Kafin ranar ya je ya duba inda za a kafa masa wurin tsayawa. Domin ya gwada yadda murya take tafiya a ginin, sai ya ɗaga murya ya faɗi ayar nan ta Yohanna 1:29. Ashe akwai wani ma'aikaci can sama yana aikinsa, bai san abin da ake yi ba. Maganar ta soke shi, ya ajiye kayan aiki ya tafi gida, daga baya ya ba da gaskiya. Spurgeon da kansa ya ba da wannan labari. Mu kuwa in za mu gwada makirufo, sai mu yi ta buga shi da yatsa muna "Halo, halo, ɗaya, biyu," har rabin sa'a, alhali duk unguwa tana ji.

Na'urar da ta sāke al'amarin ta fito ne a 1915, a garin Napa na jihar Kaliforniya. Peter Jensen, mutumin Denmak, da abokinsa Edwin Pridham suna ƙoƙarin gyara wayar tarho ne, sai suka ɗaura wa abin da suka ƙera wani ƙaho irin na garmaho, murya ta fito da ƙarfin da ya ba su tsoro. Suka sa masa suna Magnavox, wato babbar murya da Latin. A jajibirin Kirsimati na shekarar suka kai shi gaban ofishin hukumar birnin San Faransisko, aka sa wa dubban mutane waƙoƙin Kirsimati. A 1919 shugaban Amurka Woodrow Wilson ya yi jawabi da ita a filin wasa na San Diego. Ikilisiya ba ta daɗe ba ta karɓe ta. A watan Yuni na 1932 'yan'uwanmu na Katolika suka yi babban taro a Dablin, ƙasar Ailan, inda mutum wajen miliyan ɗaya suka taru a filin Phoenix Park, aka jera ɗaruruwan lasifika a filin da kuma titunan birnin. A wannan shekara ce kuma aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa karo na farko.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, Billy Graham ya ɗauki na'urar ya zaga duniya da ita. A 1954, yana wa'azi a Harringay cikin Landan, ana aika muryarsa ta wayar tarho zuwa ɗakunan taro a garuruwa masu nisa. A farkon 1960 ya zo Nijeriya, ya yi wa'azi a Legas, Ibadan, Inugu, Kaduna da Jos. A irin waɗannan tarurruka makirufo biyu ake kafawa, ɗaya na mai wa'azi, ɗaya na tafinta, kuma na tafintan ne ya fi muhimmanci ga yawancin jama'a. Aikin Lawiyawan Ezra ne ya komo. A Seoul ta Koriya ta Kudu, ranar 3 ga Yuni 1973, mutum fiye da miliyan ɗaya suka saurare shi ta bakin tafintansa Billy Kim.

To, ta yaya abin ya iso ƙauyukanmu inda babu lantarki? Na'urorin ƙara murya na farko manya ne, masu ƙwai na gilashi a ciki, suna zafi, suna shan wuta da yawa. A 1947 aka ƙirƙiro tiransisto, ɗan ƙaramin abin nan da ya sa rediyo ta zama ta ɗauka a hannu. Da shi aka iya ƙera amfilifaya mai aiki da batirin mota. Sai ga lasifikan nan mai baki kamar na kakaki, na kamfanoni irin su TOA na Japan da Ahuja na Indiya, ya cika kasuwanninmu. Kunnen mutanenmu ya riga ya saba da mai shela da sanƙira, ya kuma saba da jin bishara daga akwati, ta Rediyo ELWA da ta fara watsa shiri daga Laberiya a 1954, da Muryar Bishara wadda ake naɗar shirye-shiryenta a Jos ana watsawa daga Addis Ababa tun 1963 har gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace tashar a 1977. Ƙungiyar Sabon Rai Don Kowa, wadda aka kafa a 1963, ta fitar da talakawan ikilisiya zuwa kasuwanni da ƙauyuka da waƙa da ganga. Mai bishara da keke, batir a ɗaure a baya, lasifika a rataye a reshen ɗorawa: da yawa cikinmu ta haka muka fara jin Kalmar.

Lasifika mai bakin kakaki gwani ne wajen magana. Yana tura murya gaba zuwa gefe guda, ba ya shan wuta, rana da ƙurar hunturu ba sa damunsa. Amma ba ya iya fitar da amon babbar ganga. Da ƙungiyoyin mawaƙa suka shigo da jita da piyano mai lantarki, sai aka koma ga manyan akwatuna, da na'urar haɗa sauti, da janareta. Daga nan girman kaya ya zama abin gasa. Reinhard Bonnke ya kafa tanti mai kujeru 34,000 a Afirka ta Kudu a 1984, iska ta yayyaga shi a Cape Town cikin shekarar. Daga baya ya koma fili da hasumiyoyin lasifika, har ƙungiyarsa ta ce mutum miliyan 1.6 suka halarci taro guda a Legas a watan Nuwamba na 2000. Ikilisiyar ƙauye ta ga wannan, ita ma ta ci bashi ta sayo akwatunan da suka fi ƙarfin filinta.

Fili kuwa yana da dokokinsa da Allah ya kafa, ba ya duban tsadar kaya. A cikin ɗaki bango yakan mayar da murya, a fili babu mai mayarwa. Duk lokacin da nisa ya ninka, ƙarfin sauti yakan ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Saboda haka in aka tara akwatuna a ƙasa gaban dandamali aka murɗa har ƙarshe domin na baya, yaran da ke zaune a gaba su ne za su biya da kunnuwansu, na bayan kuma gurnani kawai za su ji. Maganinsa a ɗaga lasifika sama da kawunan mutane, a ɗan sunkuyar da shi, a kuma kafa wani a tsakiyar fili. Amma nan ma akwai tarko. Sauti yana tafiyar wajen mita 340 ne a daƙiƙa guda, wuta a cikin waya kuwa nan take take isa. Wanda ke kusa da lasifika na biyu, mita 100 daga dandamali, zai ji kalma daga na kusa da shi, sa'an nan ya sāke jinta daga na gaba bayan kusan sulusin daƙiƙa, magana ta cakuɗe. Domin wannan ne aka ƙera na'urar da ke ɗan jinkirta sautin lasifikan baya. Kukan nan mai tsini da ke katse addu'a kuwa, makirufo ne yake jin muryar lasifika yana mayar masa; a tsayar da lasifika gaba da makirufo, yana ba shi baya, kukan zai ragu. Janareta a kai shi nesa, inda iska za ta tafi da ƙararsa da hayaƙinsa, a kafa ƙarfe a ƙasa a haɗa shi da kayan domin kada wuta ta kama mai riƙe da makirufo. In hadari ya taso da walƙiya, a kashe kome a sauko daga dandamali. Manzo Bulus ya riga ya yi magana a 1 Korintiyawa 14 a kan ƙahon da busarsa ba ta fita sosai, da harshen da ba a gane abin da yake faɗi.

Akwai abu guda da na'urar ta kawo wanda Ezra da Whitefield ba su sani ba. A zamaninsu wanda ya ji wa'azi, shi ne ya tako da ƙafarsa ya zo. Yau muryarmu tana shiga ɗakin majiyyaci, da na mai jego, da na ɗalibi mai jarrabawa, da na maƙwabcinmu Musulmi, ba tare da sallama ba. Da dare kuma, in ƙasa ta yi sanyi, sauti yakan lanƙwaso ƙasa ya yi nisa fiye da na rana, har ƙarar da ta yi daidai da la'asar ta zama fitina da ƙarfe goma sha ɗaya. Hukumomi sun sa baki. A 2009 gwamnatin Nijeriya ta fitar da dokokin ƙayyade ƙara a ƙarƙashin hukumar NESREA, a 2016 kuma gwamnatin Legas ta rufe majami'u 70 da masallatai 20 saboda ƙara. A ganinmu abin kunya ne a ce sai da hukuma ta zo da kwaɗo kafin masu wa'azin ƙaunar maƙwabci su rage murya.

Shi ya sa muke roƙon dattawan ikilisiya, kada su bar wannan aiki a hannun samari su kaɗai. Kafin taro a je a gai da mai unguwa, a gaya masa ranar farawa da sa'ar tashi, a kuma cika alkawari. A juya bakin lasifika ya dubi jama'a, ya ba gidaje baya. Sa'ad da ake gwaji, mai karatu ya karanta aya da muryar da zai yi wa'azi da ita, dattijo ɗaya ya tafi layin ƙarshe ya zauna inda tsofaffi mata sukan shimfiɗa tabarma, wani kuma ya tafi ƙofar gidan da ya fi kusa da filin. Na farkon ya ɗaga hannu in kalmomi sun fita sarai, na biyun ya aiko yaro in ƙarar ta yi yawa.